Raƙumar Dawa, Shanu Uku da Sarkin Faransa

  Wanda shirin ya wuce shi saboda yana kan hanya ko yana bakin rijiya, ga abin da muka tattauna a rubuce.

Kwanan baya na shiga kara ranar kasuwa, sai wani dattijo mai shanu ya tare ni ya ce, "Ɗana, kullum sarakuna da yaƙe-yaƙe kake ba mu. Dabba ba ta da tarihi ne?" Na ce, "Baba, tana da shi, ka ba ni mako guda." To, yau ga biyan bashi. Labarin wata raƙumar dawa ce da aka kamo a ƙasar Sudan, ta bi kogi, ta haye teku, ta taka kusan kilomita 900 da ƙafarta, har ta ci abinci a tafin hannun sarkin Faransa a shekarar 1827. Akwai sarakuna a cikin labarin, amma za ku ga cewa shanu uku da masu kiwo biyu ne suka riƙe shi.

Mu fara da dabbar kanta. Mu muna cewa raƙumin dawa ko raƙumin daji. Mutanen Girka da Rum na dā su ma raƙumi suka gani a jikinsa, sai suka haɗa sunan raƙumi da na damisa suka ba shi, saboda dogon wuya da zanen fata. Larabawa suna cewa zarafa, daga nan Turawa suka samo nasu sunan. Sai dai in an bi dangi, ya fi kusa da saniya da barewa a kan raƙumi. Kofatonsa a rabe yake biyu, cikinsa ɗaki huɗu ne irin na saniya, kuma ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Inda ya ɗauko raƙumi shi ne tafiya, don ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare. Wannan wuyan da kuke gani kuwa, gaɓoɓin ƙashinsa bakwai ne, daidai da na akuyarka, daidai da naka. Tsawo ne kawai kowace gaɓa ta yi. Mace tana ɗaukar ciki wajen wata 15, a tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa tim, kuma ranar da aka haife shi ya kai tsawon babban mutum.

Ba Turawa ne suka fara karɓar kyautarsa ba, kuma ba Masarawa kaɗai ke bayarwa ba. Masanin tarihin nan Ibn Khaldun ya rubuta cewa a shekarar 1257 sarkin Kanem da Barno ya aika wa sarkin Tunis kyauta, a ciki har da raƙumin dawa. Ku 'yan uwa na bakin Tafkin Chadi, daga ƙasarku aka kora shi ya ratsa Sahara. A ƙarshen 1360 kuma ayarin sarkin Mali ya shiga birnin Fas na Maroko da wani, mutanen gari suka yi dafifi wajen kallo. A 1414 sarkin Bengal ya aika wa sarkin Sin da ɗaya, fadawa suka ce ai wannan ita ce dabbar nan ta almara da ba ta bayyana sai a zamanin sarki adali. Kun ga ke nan tun dā can, in sarki yana son ya ɗaure zuciyar ɗan uwansa sarki, yakan nemi abin da kuɗi ba sa saya a kasuwa.

Yanzu mu zo ga tamu. A wancan zamani mai mulkin Masar shi ne Muhammadu Ali Basha. A suna yana ƙarƙashin sarkin Turkawa na Santambul, a aikace kuwa shi ke da ƙasa. A 1820 ya tura ɗansa Isma'ila da runduna suka nufi Sudan neman zinariya da bayi, a 1821 birnin Sinnar ya faɗa hannunsu. Wannan Sinnar ɗin ita ce wadda garin Mai Wurno yake kusa da ita, inda mutanenmu suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga dajin wannan yanki mafarauta suka kamo raƙumar tana 'yar ƙarama. Babba ba ya kamuwa da rai cikin sauƙi, in ma ya kamu ba ya sabo da mutum, shi ya sa 'ya'ya ake nema. Aka ɗaure ta a bayan raƙumi, daga baya aka sa ta a jirgin ruwa aka gangara Kogin Nilu har Iskandariya.

Me ya sa Basha ya sha wannan wahala? Yaƙi ne. Mutanen Girka sun yi wa Turkawa tawaye tun 1821, sarkin Santambul ya nemi taimakon Masar, Basha ya tura ɗansa Ibrahim da sojoji da jiragen yaƙi. Talakawan Turai kuwa zuciyarsu tana tare da Girkawa, sunan Basha ya ɓaci a can. Sai jakadan Faransa a Masar, wani mai suna Drovetti, ya kawo shawara. Shi wannan mutum ɗan asalin Italiya ne, kuma ban da aikin jakadanci, dillalin kayan tarihin Fir'aunoni ne, ya san abin da ke burge manya. Ya ce a aika wa Sarki Charles na 10 raƙumar dawa. Ba a taɓa ganin irinta da rai a Faransa ba, Turai ma gaba ɗaya rabonta da ganin ɗaya ya haura shekara 300, tun wadda wani sarkin Masar ya aika birnin Florence. Basha ya yarda, har ya ƙara da wasu biyu, ɗaya zuwa sarkin Ingila, ɗaya zuwa sarkin Ostiriya.

A nan ne aikinku ya shigo, ku masu sanda. Maraƙin da aka raba da uwa, kowa ya san abin da ke kashe shi. Don haka aka haɗa ta da shanun tatsa guda uku, kullum tana shan madara wajen lita 25. Aka ba ta masu kula biyu: Hasan, Balarabe wanda ya san dabba, da Atir, baran Drovetti, mutumin Sudan. Aka rataya mata laya a wuya mai ayoyin Alƙur'ani, kamar yadda wasu ke yi wa doki ko taguwar da suke ji da ita.

A Iskandariya aka sa ta cikin jirgi irin na dā mai tafiya da iska. Sai ga matsala: rufin cikin jirgin ya yi mata gajarta. Aka yanke rami a daɓen sama, aka naɗe bakinsa da ciyawa don kada katako ya goge mata fata, aka kafa rumfar tamfol bisa kanta saboda rana da ruwa. Jikinta yana ƙasa tare da shanu, kanta yana sama tare da matuƙa. Haka suka yi kwana 32 a Bahar Rum, suka iso tashar Marsai ranar 31 ga Oktoba, 1826.

Ku 'yan kasuwa da kuke ƙorafin jira a gaban duwan da kwastan, ku ji wannan. Dokar tashar ita ce duk jirgin da ya fito daga gabas sai an killace mutanensa da kayansa saboda tsoron annoba. Kyautar sarki ce guda, amma ba a ɗaga mata ƙafa ba, ita da shanunta da masu kiwonta sai da suka yi zamansu a killace. Da suka fito kuma sanyi ya kawo jiki, irin sanyin da ba ta taɓa sani ba. Sai aka yanke shawara ta zauna a Marsai har hunturun can ya wuce. Gwamnan yankin ya gina mata ɗaki a harabar gidansa. In rana ta fito a fita da ita yawo, a nan aka lura da wani abu da kowane makiyayi zai gane: in shanun suna gaba, bin su take yi ba gardama. Ta ɗauke su iyaye.

Da sanyi ya sauka sai aka shiga shawarar yadda za a kai ta Paris. Jirgin ƙasa bai haɗa garuruwan ba tukuna. A bi da ita ta teku a zagaya, aka ga hatsarin ya yi yawa. Daga ƙarshe aka ce ta taka. Aka turo wani babban masanin dabbobi daga Paris mai suna Geoffroy Saint-Hilaire, yana da shekara 55, ga ciwon gaɓɓai, shi ya zama madugu. Ya sa tela ya ɗinka mata rigar ruwa daidai jikinta. Ranar 20 ga Mayu, 1827 ayari ya tashi: 'yan sanda bisa dawakai suna buɗe hanya, shanu a gaba, Hasan da Atir da mataimaka riƙe da igiyoyi, keken doki a baya ɗauke da hatsi da kaya.

Kwana 41 suka yi. In ka raba tsawon hanyar, kilomita 20 da 'yan kai ke nan a rana, tafiyar garke mai maruƙa. A tashi da safe, a huta da rana a tatsi shanu ta sha, a yi zango kafin dare. Madugu yakan riga su isa gari ya nemo barga mai tsawon da za ta shiga, wani wurin sai an ɗaga rufi. Duk ƙauyen da suka ratsa sai manoma su yar da aiki su fito bakin hanya. A birnin Liyon mutum wajen 30,000 suka taru a dandali. Masu masauki da dama a wannan hanya suka canza sunan gidajensu suka koma kiran su da sunanta. Abin mamaki, dattijon masani ya isa a galabaice, ita kuwa ta ƙara ƙarfi da ƙiba a hanya. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar 30 ga Yuni suka shiga Paris.

Ranar 9 ga Yuli aka kai ta fadar Saint-Cloud a bayan gari. Tsayinta a lokacin ya kusa mita 4. Sarki Charles ya miƙa mata furen wardi a tafin hannunsa, ta sunkuyo da wannan dogon wuya ta lashe. Daga nan aka mayar da ita lambun dabbobi na birnin, inda mutum sama da 100,000 suka zo kallonta, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas na mazauna Paris a lokacin.

Sai gari ya rikice da yayinta. Mata suka riƙa tayar da gashi sama tsororo, aka ce gyaran raƙumar dawa ke nan. Aka buga hotonta a yadi, a faranti, a takardar ado ta bango, har a jikin burodi mai zaƙi. Wani launi na rawaya aka sa masa suna cikin raƙumar dawa. Murar da ta kama mutane da sanyin wannan shekara ma sunanta aka ba ta. Kada ku yi musu dariya, mu ma haka muke. Ciwon idon nan da muke kira Afolo, ai daga kumbon Apollo 11 da Amurka ta tura duniyar wata a 1969 ya samo suna, don a shekarar ya ɓarke a Afirka ta Yamma. Masu sayar da atamfa kuma kun fi kowa sanin yadda zane ke tashi in an laƙaba masa sunan abin da ake yayi. 'Yan kasuwar Paris sun ci kasuwarsu a wannan shekara.

To, Basha fa, kyauta ta biya? Ku riƙe waɗannan ranaku biyu. Ranar 6 ga Yuli, 1827, kwana uku kafin sarki ya ba ta fure, wakilan Faransa da Ingila da Rasha sun riga sun sa hannu a Landan kan yarjejeniyar tilasta a tsayar da yaƙin Girka. Ranar 20 ga Oktoba ta wannan shekara, jiragen yaƙin ƙasashen uku suka haɗu da na Turkawa da Masar a mashigin Navarino, suka ragargaza mafi yawansu cikin yini guda. Biyu daga cikin ƙasashen da suka buɗe wuta, kowace tana da raƙumar Basha a gidanta tana cin abinci. An karɓi kyauta, an yi godiya, an kuma yi abin da aka riga aka shirya. Duk wanda ya taɓa kai wa wani babba rago yana neman alfarma, ya dawo ya tarar an riga an yanke hukunci, ya san yadda Basha ya ji.

Sauran biyun ba su yi nisan kwana ba. Ta Ingila ta isa a 1827 da raunin ƙafafu, har ta kai sai an rataye ta da majanyi kafin ta tsaya, ta mutu a 1829. Wadda aka kai Ostiriya ta isa a 1828, ba ta cika shekara ba. Ta Faransa kuwa shekara 18 ta yi a can. Hasan ya koma Masar bayan an miƙa amana, Atir ya zauna. Sama da shekara 10 yana tare da ita, yana kwana a wani ɗan bene da aka yi masa cikin ɗakinta, daidai inda kanta yake kaiwa. Kullum shi ke share ta, shi ke taje ta, har mutanen gari suka san shi da rawaninsa. Masana sun rubuta littattafai a kanta, sun auna ta ciki da waje. Amma in kun tambaye ni abin da ya raya ta, zan ce madara a kan lokaci, tafiya daidai ƙarfinta, da hannu ɗaya da ta saba da shi. Wannan ilimi kuwa ba a makaranta Atir ya koyo shi ba, inda kuka koyi naku ya koya.

Duniya rawar 'yan mata. A Yulin 1830 mutanen Paris suka yi bore suka tumɓuke Sarki Charles, ya gudu, ya mutu a baƙon wuri a 1836. Yayin raƙuma ma ya wuce, 'yan kallo suka ragu, farantan suka koma bayan kanta. Dattijon da ya rako ta ya rasu a 1844, ita kuma ta mutu a Janairun 1845. Aka cusa fatarta aka tsayar, yanzu haka tana gidan tarihi na garin La Rochelle a bakin tekun Faransa. Sunan Zarafa da ake kiranta da shi yau, ba ta taɓa jin sa a matsayin sunanta ba. Wani marubuci Ba'amurke, Michael Allin, shi ya yaɗa shi da littafinsa na 1998. A 2012 Faransawa suka yi fim ɗin zane na yara da wannan suna, sai dai sun ƙara gishiri, har da tafiya cikin balan-balan a sama. In yaranku sun kalla a waya, ku gaya musu da ƙafa ta je.

Kafin mu rufe, mu dawo gida. Kakanninmu sun san raƙumin dawa a dazuzzukan Sahel tun daga Senegal har Tafkin Chadi. Farauta da fari da saran itace suka cinye shi. Irin na Afirka ta Yamma yau ba ya ko'ina a duniya sai Nijar, a yankin Kure, wajen kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. A wannan shekarar ma mahukuntan lokacin sun sa a kamo wasu don a yi wa shugabannin maƙwabta kyauta, da dama suka mutu wajen kamun. Tsohuwar al'adar sarakuna ta kusa ƙarar da iri. Bayan haka aka tsaurara tsaro, mutanen ƙauyuka suka ba da haɗin kai, adadin ya haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su. Wani irin kuma, ɗan uwan wannan, yana nan a Zakuma ta Chadi da Waza ta Kamaru.

Na Kure ba a cikin shinge suke ba. Tare suke da manoma da makiyaya, suna cin ganyen gawo da ƙaya a sama, shanu suna kiwo a ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, suna shiga gona su ci wake, suna cin mangwaro, manomi kuma yana jin zafin haka. Amma da ku masu dabbobi, abin da ya haɗa ku ya fi yawa. Gawon da yake miƙa wuya ya ci, shi ne wanda kuke kakkaɓe wa tumaki 'ya'yansa da rani. In aka sare shi aka yi gawayi, ku da shi duka kun yi asara. Ku kuma masu ɗaukar kaya a kan iyaka, in wani ya ba ku fata ko wutsiya ko ƙashin wannan dabba ya ce ku haye da shi, ku sani haramtaccen kaya ne a dokar Nijar, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin sa ido tun 2019. Ribar ba ta kai wahalar ba.

Baba mai shanu na kara, ina fata na fita bashi. In akwai wanda kakansa ya ba shi labarin ganin raƙumin dawa a dajin garinku, ya aiko mana da sunan wurin ta hannun wakilinmu na kasuwa, muna son mu tattara mu karanta a fili. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.